Kalmar Graphene A Kan Kwali Ba Za Ta Ceci Batirin Waya Daga Zafin Kebbi Ba

Akwai wata kalma da ta fara yawa a kan kwalayen fawa bank da batiran canji, musamman waɗanda ake tallatawa a Facebook da TikTok da shafukan sayayya na intanet. Kalmar ita ce Graphene, wato girafin. Masu talla kan ce batirin girafin ba ya zafi, ba ya kumbura, yana cika cikin 'yan mintuna, kuma sai ya yi shekaru bai gaji ba. Ga matashin da ke zaune a unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi, inda wuta kan zo ta tafi ba sallama, rana kuma ta fara dukan kwanon ɗaki tun hantsi, wannan magana tana da daɗin ji. Shi ya sa wani zai yarda ya ƙara kuɗi a kan farashi saboda wannan kalma guda.

Ƙarin kuɗin nan asara ce. Abin da ke riƙe caji a cikin kusan kowace wayar da ke aljihun mutanen Kebbi shi ne girafait, baƙin abin nan da ke cikin fensir. Abubuwan da ke kashe shi da wuri a wannan yanki kuwa sanannu ne: zafi, da barin batir cike maƙil a cikin zafin, da matsi, da kayan caji marasa inganci. Wanda ya san yadda girafait ke aiki zai ƙara wa batirinsa kwana ba tare da ya kashe ko sisi ba, kuma zai yi wuya mai talla ya cuce shi.

Daga fensir zuwa kyautar Nobel

Girafait da girafin asalinsu ɗaya, dukkansu kabon ne zalla, irin sinadarin da ke cikin gawayi. Ƙwayoyin zarra na kabon suna haɗuwa shida-shida kamar saƙar zuma, su yi shimfiɗa mai faɗi. Shimfiɗa ɗaya tal ita ce girafin. Idan aka jera shimfiɗu masu yawa, wata a kan wata kamar shafukan littafi, an samu girafait ke nan. Sirantakar shimfiɗar ta wuce misali, domin sai an jera kusan miliyan 3 kafin kaurinsu ya kai milimita ɗaya.

A cikin shimfiɗa ɗaya ƙwayoyin suna riƙe da juna gam, amma tsakanin shimfiɗa da shimfiɗa riƙon sako-sako ne. Wannan ne ya sa fensir ke rubutu: ana goga shi a takarda, shimfiɗun na saɓulewa suna mannewa. Da wannan rauni Andre Geim da Konstantin Novoselov na Jami'ar Manchester a Ingila suka yi amfani a 2004, suka riƙa ɓare girafait da salatif har suka ware shimfiɗa ɗaya. Aikin ya ba su kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 2010. A 2008 masu bincike a Jami'ar Columbia ta Amurka suka auna ƙarfin girafin marar tabo, suka ga ya ninka na ƙarfe fiye da sau 100. Yana kuma tafiyar da zafi fiye da jan ƙarfe nesa ba kusa ba.

Duk wannan gaskiya ne. Sai dai an yi waɗannan aune-aune a ɗakin gwaji, a kan ɗan ƙanƙanin girafin mai tsabta wanda sai da madubin ƙara girma ake ganinsa. Baƙin garin da masana'antu ke sayarwa buhu-buhu da sunan girafin wani abu ne daban. A 2018 wasu masana na Jami'ar Ƙasa ta Singafo, tare da Novoselov da kansa, suka binciki kayan kamfanoni 60 da ke cewa girafin suke yi. Sun gano cewa a yawancin kayan, girafin ɗin bai kai kashi 10 cikin 100 ba, kuma babu wanda ya haura kashi 50. Sauran duk garin girafait ne. Idan haka abin yake a wurin masu yin garin, sai a yi tunanin abin da ke cikin fawa bank ɗin da ba a ma san kamfanin da ya haɗa shi ba.

Yadda girafait ke ajiye caji

Batirin waya yana da ɓangare biyu. Ɗaya an yi shi da sinadarin da ke ɗauke da litiyam, galibi haɗe da kobalt. Ɗayan kuma garin girafait ne da aka shafa a kan siririn fallen jan ƙarfe. Tsakaninsu akwai wata 'yar leda mai ƙananan ƙofofi, wadda ta fi gashin kai sirantaka, tana hana su taɓa juna, sai kuma ruwan batir da ya jiƙa komai. Idan aka jona caji, ƙwayoyin litiyam sukan bar ɓangaren farko, su bi ta cikin ruwan, su kutsa tsakanin shimfiɗun girafait su zauna. Idan ana amfani da waya, sai su fito su koma inda suka taso. Wato girafait shi ne rumbun caji.

Rachid Yazami, ɗan ƙasar Maroko haifaffen birnin Fas, shi ne ya nuna a 1980, yana bincike a Grenoble ta Faransa, cewa ana iya shigar da litiyam cikin girafait da wutar lantarki a kuma sake fitar da shi. Kamfanin Sony ya kawo batirin litiyam-ayon na farko kasuwa a 1991, kuma cikin shekarun da suka biyo baya masana'antu suka tsaya a kan girafait, har yau.

Rumbun yana da iyaka. Kowace ƙwayar litiyam tana buƙatar ƙwayoyin kabon shida, don haka giram ɗaya na girafait ba zai riƙe fiye da mAh 372 ba, ko wane kamfani ne ya sarrafa shi. Batirin mAh 5,000, irin wanda ke cikin wayoyin Tecno da Infinix da Redmi da yawa, yana ɗauke da kimanin giram 14 zuwa 15 na girafait.

Abu biyu ya kamata a riƙe a nan. Na farko, litiyam ba ya ratsa fuskar shimfiɗa, ta gefe yake shiga, kamar yadda ake zura takarda tsakanin shafukan littafi. Ƙofofin shiga ƙayyadaddu ne, saboda haka akwai iyakar saurin da rumbun zai iya karɓa. Na biyu, idan litiyam ya cika, shimfiɗun kan ɗan buɗe, girafait ya kumbura da kusan kashi 10 cikin 100, ya kuma motse idan caji ya sauka. Kullum batir yana cikin wannan numfashi, ko da ido ba ya gani.

Ɓawon da ke cin batir a hankali

Ruwan batir ba ya jituwa da girafait mai caji. Duk inda suka haɗu sai ruwan ya lalace, ya bar wani siririn ɓawo a jikin girafait, wanda masana ke kira SEI. Ɓawon yana da amfani, domin yana barin litiyam ya wuce amma yana tare ruwan, kamar yadda ɓawon ciwo ke rufe rauni. Tun a masana'anta ake samar da shi a cajin farko, kuma a nan kaɗai yakan cinye kusan kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na litiyam ɗin batir.

Matsalar ita ce ɓawon ba ya daina girma. Kumburi da motsewar girafait na tsattsaga shi, sabuwar fuska ta bayyana, ruwa ya sake lalacewa, a sake rasa litiyam. Litiyam ɗin da ya shiga ɓawo ya tafi ke nan, ba ya dawowa. Wannan ne babban dalilin da ya sa wayar da ke wuni da caji ɗaya tana sabuwa, bayan shekara biyu sai ta fara neman caja tun la'asar. Kamfanin Apple ma ya bayyana cewa an tsara batiran iPhone 14 da waɗanda suka gabace ta su riƙe kashi 80 na ƙarfinsu bayan cikakken caji 500, na iPhone 15 kuma bayan 1,000, kuma a yanayi mai kyau yake nufi.

Abin da ke hanzarta girman ɓawon shi ne zafi da cikar batir. Masana sinadarai na da ƙa'idar ƙiyasi cewa duk ƙarin digiri 10 na zafi yakan kusan ninka saurin irin wannan lalacewa. Batirin da ke kashi 100 kuma shi ya fi takura wa ruwan. Idan zafi da cika suka haɗu na tsawon awanni, kowace rana, tsufan shekara biyu sai ya zo da wuri.

Dalilin da ya sa girafin zalla bai dace da rumbu ba

A nan ne tallar ke karyewa. Tunda a fuskar kabon ake asarar litiyam, masu yin batir ƙoƙarinsu kullum shi ne rage faɗin fuskar. Shi ya sa suke niƙa girafait, su mulmula shi ya zama ƙananan dunƙule masu kama da dankali, su kuma lulluɓe shi da wani kabon. Giram ɗaya na irin wannan gari faɗin fuskarsa 'yan murabba'in mita ne kawai. Girafin kuwa gaba ɗayansa fuska ne. Giram ɗaya na iya kaiwa murabba'in mita 2,630, wato fuskar giram uku ta fi filin ƙwallo faɗi. Rumbun da aka yi da girafin zalla zai yi ɓawo mai yawan gaske, ya cinye babban kaso na litiyam tun a cajin farko. Ƙari a kan haka, in aka matse shimfiɗun girafin wuri ɗaya sukan sake mannewa da juna, su koma kamar girafait ɗin da aka ɓaro su daga jikinsa.

Manyan kamfanoni ma sun ga wuyar abin. A Nuwamba 2017 cibiyar binciken Samsung ta sanar da wani abu da ta kira ƙwallon girafin, ta ce zai iya sa batir ya cika cikin minti 12. Shekaru sun shuɗe, kuma wayoyin Galaxy da ke kasuwa har yanzu batirin litiyam da aka saba da shi ne a cikinsu. Abin da kamfani mai wannan ƙarfi bai sa a wayarsa mafi tsada ba, da wuya a same shi cikin fawa bank mai araha a kan teburin kasuwa.

Inda girafin ke aiki da gaske

Adalci shi ne a faɗi cewa ba duk mai ambaton girafin ne maƙaryaci ba. Akwai wuri biyu da ake amfani da shi a waya. Na farko wajen baza zafi. Tun da daɗewa ana manna siraran fallayen girafait a cikin waya don su kwashe zafi daga kan firosesa su raba shi ga duk jikinta, kuma a 2018 Huawei ta fitar da Mate 20 X da fallen girafin na wannan aiki. Sai dai fallen baza zafi yake yi, ba ya halaka shi. In iskar da ke kewaye da waya tana digiri 42, babu fallen da zai sauko da ita ƙasa da haka.

Na biyu, ana iya barbaɗa ɗan girafin cikin kayan batir don wuta ta riƙa gudana da sauƙi. Irin wannan ne ya sa Xiaomi ta ambaci girafin a batirin Mi 10 Ultra na 2020, mai cajin wat 120. Amma batirin na litiyam ne dai, kuma ƙa'idojin zafi da ɓawo suna kansa. Kamar gishiri ne a miya: yana gyara ta, amma ba wanda ke ce mata miyar gishiri.

Ci gaban da ya iso hannun masu waya da gaske daga silikon ya fito. Silikon yana riƙe litiyam kusan ninki goma na girafait, sai dai yana kumbura har kusan kashi 300 cikin 100, shi ya sa kaɗan ake cakuɗawa cikin kabon. Kamfanin Honor ya fara sa irin wannan batir a wayoyinsa a 2023, kuma yanzu akwai wayoyi masu mAh 6,000 zuwa 7,000 da ba su ƙara kauri ba. Wannan ci gaba ne da ake iya gani a lamba, a kuma gwada a hannu. Shi ma dai ba ya shiri da zafi.

Zafin Kebbi ya wuce abin da aka tsara wa waya

Apple ya rubuta a shafinsa cewa wayoyinsa sun fi jin daɗin aiki tsakanin digiri 16 da 22, kuma zafin da ya wuce digiri 35 na iya rage ƙarfin batir ragewar da ba ta gyaruwa. Sinadaran batiran Android ba su bambanta da waɗannan ba. A Birnin Kebbi da Argungu kuwa, daga Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi kan haura digiri 40 da rana, a inuwa ma. Wato kafin a jona caja, kafin a kunna data, waya ta riga ta tsallake iyaka.

Sai a dubi inda wayoyin ke wuni. Mai POS yana ƙarƙashin lema a bakin titi, wayarsa a kan tebur jone da fawa bank tun safe. Ɗan kabu-kabu ya cusa tasa a aljihun wando, rana na dukanta daga sama, zafin inji na tasowa daga ƙasa. Manomin shinkafar rani a fadamar Rima ya jona tasa kusa da faifan sola, a fili. Lokacin bikin kamun kifi na Argungu, matasa kan tsaya a bakin Matan Fada suna watsa bidiyo kai tsaye da fawa bank a maƙale. A irin wannan hali zafi huɗu ne suka taru a kan batir ɗaya: na rana, na kyamara da sikirin, na data, da na caji.

Shagon cajin waya, wanda shi ne rufin asirin unguwa idan wuta ta yi nisa, shi ma yana da nasa. Wayoyi da yawa jibge wuri ɗaya, cikin ƙaramin shagon kwano, wani lokaci dab da janareta, kowace ta cika ta zauna a kashi 100 har mai ita ya dawo da yamma. Wannan shi ne ainihin haɗuwar zafi da cika da ke kaurara ɓawon nan.

Caji mai sauri kuma yana da wata illa ta daban idan ba a sarrafa shi da kyau ba. In litiyam ya iso da saurin da ƙofofin girafait ba za su iya karɓa ba, sai ya taru a waje ya daskare a matsayin ƙarfe. Wani kaso nasa ya ɓace ke nan, wani kuma na iya tsirowa kamar allura har ya huda ledar tsakiya. Hakan ya fi faruwa idan batir ya kusa cika, ko kuma idan ya yi sanyi sosai. Shi ya sa waya mai kyau ke rage saurin caji idan ta doshi kashi 80. Shi ya sa kuma dabarar jefa waya mai zafi cikin firji, ko ɗora ta a kan ƙanƙara sannan a jona caji, ɓarna ce. Ga sanyin da ke hana litiyam shiga, ga kuma damshin da zai taru a cikinta.

Kumburi da matsi

Kumburin da ke ɗaga murfin waya ko sikirin daban yake da numfashin girafait na kullum. Iskar gas ce da ruwan batir ya fitar da ya lalace, ta rasa mafita. Batirin da ya kai nan ya gama aiki. Wasu masu gyara kan huda shi da allura su matse iskar su mayar, mai waya ya tafi yana murna. Wannan wasa da wuta ne, domin ruwan batir yana kamawa, kuma allurar na iya haɗa ɓangarorin biyu.

Labarin Galaxy Note 7 ya isa darasi kan matsi. A Satumba 2016 Samsung ya janye kusan wayoyi miliyan 2.5 daga kasuwa bayan wasu sun kama da wuta, daga baya ya daina yin wayar gaba ɗaya. A Janairu 2017 kamfanin ya bayyana dalili: a wani rukunin batiran, mazubin ya matse kusurwar batir har fallen da ke ɗauke da girafait ya lanƙwashe, a ɗaya rukunin kuma tsinin walda ne ya huda ledar tsakiya. Ɗan matsi da ido ba ya gani ne ya jawo wannan asara. Mai zama a kan waya a aljihun baya, da mai cusa batirin canji wanda bai dace da gurbinsa ba, su yi tunani a kan wannan.

"Ai wannan shawarar masu wuta ce"

Wani zai ce wanda bai san ranar dawowar wuta ba, yaya za a ce masa ya tsaya a kashi 80? Maganarsa tana kan hanya. Babu mai hankalin da zai zare caja a kashi 80 alhali gobe da jibi duhu ne. Amma kaiwa kashi 100 ba shi ne babban laifin ba. Daɗewa a can cikin zafi shi ne. Akwai abubuwan da kowa zai iya yi, ko da wuta ko babu.

A yi caji da dare ko da sassafe idan da hali, lokacin da gari ya yi sanyi. A cire wa waya rigar roba yayin caji, a ajiye ta a kan siminti ko tayil a inuwa, ban da kan katifa ko ƙarƙashin matashi. In ta cika a zare ta. Kada a haɗa caji da buga gem ko kallon bidiyo mai tsawo, musamman da tsakar rana. In za a kai caji shago a bari tsawon wuni, gara a kai fawa bank a riƙe wayar, domin canza fawa bank ya fi sauƙi a kan buɗe wayar da aka manne batirinta da gam. Wanda ke da sola a gida, ko ranar da wuta ta zauna, ya kunna tsarin da ke tsayar da caji kafin cika, wanda ke cikin saitin batir na wayoyin Samsung da yawa da iPhone 15 zuwa sama. Kada kuma a jefa waya a durowa ta yi watanni ba ɗigon caji, domin wannan ma yana lalata batir. In za a ajiye ta, a bar ta da kusan rabi.

A auna nauyi, a bar kallon rubutu

Mai sayen fawa bank yana da ma'aunin da ya fi kowace kalma a kan kwali, wato hannunsa. Fawa bank mai mAh 20,000 na gaskiya yana ɗauke da kimanin Wh 74 na wuta, kuma batiran litiyam masu kyau suna riƙe kusan Wh 250 a kowane kilo. Wato batiran ciki kaɗai sun kai giram 300, idan aka haɗa da mazubi da sauran kaya ya kusa nauyin ledar fiya wata guda, wadda take rabin kilo. Mai mAh 50,000 kuwa ya kamata ya kusa nauyin leda biyu. Duk wanda aka rubuta masa mAh 50,000 amma bai fi waya nauyi ba, lambar ƙarya ce, ko an rubuta Graphene ko ba a rubuta ba. A kula kuma, nauyi kaɗai ba shaida ba ce, domin ana iya cusa wani abu a ciki don ya yi nauyi. Rashin nauyin ne ke tona asiri nan take.

A kuma sani cewa ko na gaskiyar ba zai cika wayar mAh 5,000 sau huɗu ba. Wani kaso na wutar yana tafiya a matsayin zafi wajen juya ta, don haka sau biyu da rabi zuwa uku shi ne abin da ake tsammani. Tambayoyin da suka dace a yi wa mai shago su ne: wane kamfani ya yi shi, akwai garanti na wata nawa, kuma in ya kumbura za a karɓa? Mai sayarwar da ya yarda da kayansa ba zai gudu daga waɗannan tambayoyi ba. Araha ba ta ado, amma tsadar da aka gina a kan kalma ta fi ta muni.

Nauyin bai tsaya kan mai waya kaɗai ba

Masu shagunan caji a Nasarawa da sauran unguwanni za su iya taimakawa da abin da bai kai kuɗin man janareta na rana ɗaya ba: kanta mai ƙofofin iska a maimakon akwati rufaffe, tazara tsakanin waya da waya, nisanta janareta, da zare wadda ta cika. Shagon da ya yi suna cewa waya ba ta fitowa daga cikinsa da zafi zai ja masu ciniki. Masu gyara kuma su daina huda batir, su faɗa wa mai waya gaskiya ko da ba za ta yi masa daɗi ba.

Dokar kare haƙƙin masu sayayya ta 2018 ta haramta yaudara a talla, kuma hukumomin FCCPC da SON suna da hurumi a kan irin waɗannan kaya. Ya kamata duk mai shigo da batir ko fawa bank da aka rubuta wa Graphene ya iya faɗin inda girafin ɗin yake da kuma yawansa. Ɗaliban injiniya da kimiyya a Kwalejin Waziri Umaru, da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, suna da aikin bincike a ƙofar gida: su sayo fawa bank iri-iri daga kasuwannin jihar, su auna ainihin wutar da kowanne ke bayarwa da ƙaramar na'urar gwajin USB, su gwada su a zafin watan Afrilu, su wallafa sakamakon da Hausa. Wannan zai amfani matasan Kebbi fiye da tallace-tallace dubu.

Mai yiwuwa wata rana girafin ya sauya yadda ake yin batir, kuma in ranar ta zo, za a gane ta ne daga wayar da ke cika da wuri, ta daɗe, ta kuma jure bazara. Kafin nan, giram 15 na girafait ne ke riƙe da sana'ar mai POS da kiran manomi da karatun ɗalibi. Inuwa, da iska, da zare caja a kan lokaci su ne abin da yake buƙata, kuma duk kyauta ne.